Shekarar Da Dammuna Suka Tsaya A Tara

Shekarun baya, lokacin da fari ya yi mana zuwa biyu a jere, ina zaune a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, ina noma a gandun mahaifina. Na yi aure, matata tana da goyo, amma kun san ɗan gandu. Ko gemunsa ya kai ƙirji, gona ta uba ce, rumbu na uba ne, abin da uba ya ce kuma shi za a yi. Kwanan nan wani ya tambaye ni ko zakkar coci dole ce a kan wanda shi ma bai ƙoshi ba. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Abin da na gani da idona kawai zan ba ku.

Kakanninmu Maguzawa ne. A zamanin mahaifina ne yawancin gidajen ƙauyen suka zama masu bi. Cocinmu ginin ƙasa ne mai rufin kwano, a bayansa akwai ɗakuna biyu da rumbu ɗaya. Nan malamin cocin yake zaune da matarsa da 'ya'yansu uku. Baƙo ne, daga kudu aka turo mana shi, ba shi da gonar gado a wurinmu sai ɗan fegin da ke jikin coci, shi ma fako ne, ko a shekarar albarka ba ya ba da abin kirki. Mu dai Malam muke ce masa. Siriri ne, dogo, ba ya ɗaga murya ko yana wa'azi a kan bagade.

Mu a lokacin ba mu san zakkar kuɗi ba, don kuɗin ma ba mu cika haɗuwa da shi ba. Zakkarmu ta dami ce. In an yanke gero an ɗaure, sai a jera dammunan a bakin gona, maigida ya bi yana taɓa su da sanda. Duk wanda ya faɗo na goma sai a ja shi gefe a ƙulla masa ganyen kaba, ya zama na Ubangiji ke nan. Ranar Lahadin godiya kowane gida ya ɗauko nasa a ka, ana waƙa, a ajiye a gaban coci, in an tashi a wuce da shi rumbun baya. Abin da ya shiga rumbun nan shi Malam da iyalinsa suke ci har wata kakar. Kowa ya san haka, sai dai ba a cika faɗa ba. “Na Ubangiji” muke cewa, ba ma cewa tuwon 'ya'yan Malam.

Farin farko mun jure shi. An sayar da awaki, an rage tuwon rana, an dai fitar da zakka ko ba yawa. Na biyun ne ya zo mana da ƙarfi. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai, ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa ya waiwaya. Gonar da muke kwasar dammuna har mu gaji da ɗauka, a shekarar nan ka tsaya a tsakiyarta kana hango ƙasa ta ko'ina. Gidanmu kuwa bakuna da yawa, ga ƙannena, ga matan gida, ga jikoki.

Ina da wani abokina Musulmi daga ƙauyen da ke tsallaken rafi, ɗan limamin garinsu. Tare muka yi kiwo tun muna yara. Ana gab da girbi ya zo wurina da yamma, muna zaune a ƙofar gida ana ta jajanta wa juna, mahaifina yana gefe yana gyara ƙotar lauje. Hira ta kai kan zakka, sai abokin nawa ya ce, “Ai mu bana mutane da yawa ba za su fitar ba. In amfani bai kai nisabi ba, ba zakka a kansa.”

Mahaifina ya ajiye laujen. Ya ce, “Ɗan Liman, me ka ce sunan abin?”

Ya ce, “Nisabi, Baba. Wato akwai iyaka. In abin da mutum ya samu bai kai wannan iyakar ba, Allah ya ɗauke masa.”

Mahaifina ya gyaɗa kai ya ce, “Allah mai adalci ne.” Ya ɗauki laujensa ya ci gaba da aiki.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kafin mako ya zagayo, maganar nisabi ta shiga kowane gida a ƙauyenmu. Ba wanda ya je ya tambayi Malam ko akwai ta a Littafi Mai Tsarki, don kowa yana jin tsoron amsar. Mutanenmu suka yi wa abin tasu fahimtar. Tun da na goma ne na Ubangiji, to wanda dammunansa ba su kai goma ba ai ba shi da na goma. Ba a hana Allah komai ba, lissafi ne bai kai ba.

Matsalar ita ce geronmu, in an ɗaure shi yadda aka saba, zai wuce goma. Ba da yawa ba, amma zai wuce. Ranar ɗauri mahaifina ya zo gona da igiyoyin da ya tufka da kansa, dogaye, irin waɗanda ban taɓa gani a hannunsa ba. Muka tara zangarniya daidai dami ɗaya, na miƙa hannu zan ɗaure, ya ce, “Ƙara.” Na ƙara. Ya ce, “Ƙara dai, igiya ba ta cika ba.” Sai da muka taka da gwiwa mu biyu kafin bakin igiyar ya haɗu. Da muka gama ya jera su, ya bi da sandarsa yana taɓawa kamar yadda ya saba, da murya a sama don maƙwabtan gona su ji. Ya tsaya a tara. Ya ce, “To, haka Allah ya so bana.”

Ni a lokacin, in gaya muku gaskiya, burge ni abin ya yi. Na riƙa kallon tsohon nan ina cewa a raina, ashe akwai ilimin da ba a koyarwa a makaranta. Da na ɗaga kai na duba gonakin da ke kewaye da mu, sai na ga ilimin ya riga ya bazu. Ko'ina dammuna ne ƙatti kamar an yi shekarar yalwa, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka tara, ko takwas. Wani maƙwabcinmu jakinsa ma ya ƙi tashi da aka ɗora masa guda biyu, ya kwanta a kan hanya yana kallon mutane.

Malam yana da wata al'ada. Duk kaka yakan bi gonakin masu bi yana taya su jidar dammuna zuwa gida, yau a wannan gona, gobe a waccan. Ba roƙonsa ake yi ba, shi yake zuwa da gammonsa. Ranar da muke jida sai ga shi. Ya gaishe da mahaifina, ya dubi dammunan a jere, ya dubi wurin da aka saba jan na goma a ajiye, babu komai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Ya ce, “Baba, sannu da aiki. Nawa Ubangiji ya bayar?”

Mahaifina ya ce, “Tara, Malam.” Bai dube shi ba.

Malam ya ce, “Mun gode masa.” Ya ɗora gammonsa ya durƙusa, ya ce mini in taya shi.

Ni da ƙanena muka ɗaga masa guda ɗaya. Da nauyin ya sauka a kansa na ga wuyansa ya lanƙwashe, ya yi taga-taga, sannan ya tsaya daidai. Na bi bayansa da nawa, ina jin ƙashin bayana yana ƙara. A tsakiyar hanya igiyar damin nasa ta tsinke, don an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, zangarniya ta zube a ƙasa. Ya tsuguna ya tattara ta tsaf, bai bar ko ɗaya ba. Ya warware gammonsa, wani tsohon zane ne shuɗi na matarsa, ya yage shi a tsaye ya ƙulla da igiyar ya sake ɗaurewa. Haka ya ƙarasa da shi gidanmu ba gammo, ya miƙa mini na jefa a rumbu. Ya sha ruwa, ya yi mana addu'a, ya tafi.

Da dare ya yi ana cin tuwo, sai mahaifiyata ta tayar da maganar. Ita ce ta ƙarshe da ta yarda aka yi mata baftisma a gidanmu, ba ta iya karatu ba, waƙoƙin coci ma rabi take ja. Ta ce wa mahaifina, “Maigida, ubana bai san coci ba. Amma bai taɓa kai sabon hatsi bakinsa ba sai ya fitar wa waɗanda yake bauta wa da nasu, kuma ban taɓa jin ya tsaya yana tambaya ko ya kai ba.”

Mahaifina ya ce, “Ubanki bai ga irin wannan shekarar ba.”

Ta ce, “Ya gani.” 

A wurinmu mata suna noma, kowace tana da gayaunarta, wato 'yar gonar kanta, da ɗan rumbunta. Abin da mahaifiyata ta samu a tata a shekarar bai fi dami ɗaya da rabi ba. Sai ta zauna ta rarraba shi ƙanana ƙanana har ya kai goma, ta ƙulla wa na goman kaba. Ranar Lahadin godiya, ranar da a da ake shiga coci da dammuna har a rasa wurin zama, ita kaɗai ce ta shigo da wani abu a ka, shi ma bai fi tsintsiya biyu a haɗe ba. Matasa suka riƙa sunkuyar da kai suna dariya. Ni ma na ji kunya, na so a ce ta bar shi a gida.

Duk mun zo a shirye mu sha faɗa. Mun ɗauka Malam zai buɗe Littafi Mai Tsarki a wurin nan da ake karanta mana kowace kaka, inda ake maganar masu yi wa Allah ƙwace. Bai buɗe ba. Ya yi wa'azi a kan ruwan sama, ya yi addu'a Ubangiji ya ba kowane gida abin da zai kai shi damina, ya sa hannu biyu ya karɓi ɗan damin mahaifiyata kamar wani babban kaya. Mutane suka fito suna cewa ai Malam mutumin kirki ne, ya fahimci halin da ake ciki. Mun ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Bayan kaka aka liƙe rumbun gandu da laka. Haka ake yi, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka, don shi ne abincin masu noma. Rani kuwa kowa ya yi ta kansa. Mata su ciyar da yara daga nasu rumbunan, maza su tafi cin rani. Ni Kano na tafi, na yi dako, na yi ga-ruwa, na yi leburanci a wurin gini. Watannin da na yi a can ban tuna da rumbun bayan coci ba ko sau ɗaya. Cikina nake tunawa, da na matata da ɗana.

Da hadari ya fara haɗuwa na dawo. Ranar Lahadi na je sujada na ga Malam, rigarsa tana yawo a jikinsa. Matarsa tana zaune a layin mata da 'yar autarsu a cinya, yarinyar da na bari tana gudu tsakanin bencuna. Yanzu ba ta sauka, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Mahaifiyata ta gaya mini cewa tun tsakiyar rani suke cin dusa da ganyen tafasa, kuma 'yan zumuntar mata sukan kai ɗan abin da ya samu a ɓoye, amma su ma nasu ya ƙare. Na ce to me ya sa bai yi magana ba? Ta ce, “Ya ce wa wa? Shi da ya ɗauki dammunan da kansa?”

Aka yi shuka, aka buɗe rumbun gandu, muka fara cin tuwon gero sau ɗaya a rana, muna jin kanmu kamar sarakuna. Ana cikin noman farko sai abokina ɗan Liman ya biyo ta gonarmu. Ya gaishe da mahaifina, ya tsaya yana jujjuya hularsa. Ya ce, “Baba, wata magana ce Liman ya ce in zo in faɗa maka, ba don gori ba. Malaminku yana zuwa ƙwadago a gonakin garinmu. Tun da asuba yake tsallakowa don kada mutanenku su gan shi. Jiya a gonarmu ya yi. Da aka kawo fura bai sha ba, ya juye a gora ya ce zai kai gida.”

Mahaifina ya dogara da fartanyarsa. Ya ce, “Ai kai ka kawo mana nisabi.”

Abokina ya ce, “Na kawo, Baba. Amma ban ce a ƙara wa igiya tsawo ba.”

Na ɗauka tsohon zai yi faɗa, don ba ya ɗaukar magana daga yaro. Bai yi ba. Ya sunkuya ya ci gaba da noma har rana ta faɗi. Kwana biyu yana auna abin a ransa. Ni na san abin da yake aunawa, don ni ma shi nake aunawa. Sauran dammunan da ke rumbu, in aka yi tsimi, da ƙyar za su kai mu sabon gero. A cire ɗaya, kuma irin waɗannan ƙattin, yana nufin jikokinsa za su kwana da yunwa a watan da yunwa ta fi tsanani. Ba rowa ce ta sa shi ya tufka dogayen igiyoyi ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta ya zagi mahaifina.

A rana ta uku da sassafe ya ce in hau rumbu in miƙo masa dami ɗaya. Na tambaye shi wanne, ya ce wanda hannuna ya fara taɓawa. Na zura hannu na jawo, sai da ya fito haske na ga shuɗin ƙyallen nan a jikin igiyar. Ya tsinko kaba ya ƙulla masa. Na ce zan ɗauka, ya ce a'a. Mutumin da ya daɗe da daina ɗaukar kaya, ya sa muka ɗora masa, ya bi ta tsakiyar ƙauye da shi, ba ta bayan gidaje ba. Mutane suna fitowa za su gona suka riƙa tsayawa suna kallo. Ina biye da shi a baya, ina jin numfashinsa.

Muka tarar da Malam a ƙofar ɗakinsa yana ɗora fartanya a kafaɗa. Gidan shiru, ba hayaƙi a murhu, ba kukan yaro. Mahaifina ya sauke damin a gabansa, ya tsaya yana haki. Ya ce, “Malam, na Ubangiji ne. Ya makara.”

Malam ya ce, “Baba, ka wahalar da kanka. Ai ni kaɗai ne yanzu. Jiya ranar kasuwa na sa su a mota, sun tafi wurin iyayenta. Ƙaramar ba ta da lafiya.”

Mahaifina ya ce, “Na goma ne. Tun kaka ya kamata ya zo.”

Malam ya tsuguna ya shafa igiyar, ya kama shuɗin ƙyallen yana murza shi da yatsa. Ya ce, “Na san shi. Ni na ɗauko shi daga gona.”

Ba da fushi ya faɗa ba. Da ma da fushin ne, da ya fi sauƙi. Mahaifina ya zauna a ƙasa, a nan ƙofar ɗakin, ya cire hularsa. Ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa a gaban wanda ya haifa ko sa'an wanda ya haifa ba sai ranar.

A cikin makon nan dammuna suka yi ta zuwa bayan coci, daga gida kaza da gida kaza, wasu da rana, wasu a ɓoye. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya sake ambaton nisabi. Malam ya sussuka wani sashe ya ba wani direba ya kai wa iyalinsa, saura kuma ya riƙa auna wa gidajen da nasu ya ƙare. Mu ma, kafin sabon gero ya nuna, sai da matata ta je da ƙwarya bayan coci. Mun ci rama da tafasa, yara sun rame, amma ba mu rasa kowa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar. Bayan kaka matar Malam ta dawo. Da 'ya'ya uku ta tafi, da biyu ta dawo. An ce ƙyanda ce ta kama ƙaramar a can. Ba wanda ya taɓa cewa daminmu ne sanadi, ita ma ba ta ce ba, ta ci gaba da gaishe da mahaifina da ladabi har suka bar garin bayan wasu shekaru. Sai dai kowa a ƙauye ya san ƙyanda ba ta cika kayar da yaron da ya ƙoshi ba.

Mahaifina ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Bai ƙara tufka igiyar dami da kansa ba, yakan sa mahaifiyata ta auna ta yanke, shi kuma ya ɗaure da abin da ta ba shi. Bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Yanzu ni ma na tsufa, a buhu nake auna amfanina, buhu kuwa ba a ƙara masa ƙiba. Amma na san zuciyar mutum, in tana so za ta samo doguwar igiya a kowane zamani. Na kuma ga masu wa'azin da suke matsa wa talaka har ya ba da abin da 'ya'yansa za su ci, su sayi mota da shi, kuma ba na tare da su. Shi ya sa na ce ba zan yanke hukunci ba. Wanda ba shi da shi, ya je ya faɗa a fili cewa ba shi da shi. Da mahaifina ya je ya ce, “Malam, bana ba zan iya ba,” da sun zauna sun san yadda za su raba wahalar tun da wuri. Abin da muka yi shi ne muka shirya lissafi yadda ba sai mun kalli fuskar kowa ba.

Ba na yawan tuna yunwar, jiki yana mantawa da ita. Abin da ya ƙi barina shi ne hanyar nan daga gona zuwa gida, ina tafe a bayan Malam ina kallon wuyansa yana rawa. Abincin 'ya'yansa ne a kansa, ya san haka, kuma ya kai mana shi har bakin rumbu.